Kina shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma an tallata miki resberatirol? Ga yadda za ki bi da shi

Satin da ya wuce ƙanwar maigidana ta shigo min bayan magariba, ko hijabi bata cire ba ta zaro wata kwalba daga jaka, baƙa ce mai rubutun ruwan gwal da hoton inabi a jiki, tace Anti don Allah duba min wannan abin, a wajen wata mai kayan gyaran jiki na siya a Instagram wai yana sa fata sheƙi yana hana tsufa, sati uku kenan ina sha, toh yau kwana biyu ina ganin ɗigon jini kuma lokacin al'adata bai yi ba, anya bai kashe min ƙarfin maganin tazara ba kuwa? Yarinyarta wata tara ne a duniya kuma aiki aka yi mata aka ciro ta, kinga tsoron nata ba na banza bane. Ni abin da ya fi tayar min da hankali ma ba kwalbar bace, cewa da tayi tun jiya ta ajiye ƙwayar tazarar wai sai jinin ya ɗauke tukunna. Nace maza ɗauko katin maganin, a gabana ta haɗiye ta jiyan da ta yau, sannan muka zauna muka karanta bayan kwalbar layi layi.

Abin da na gaya mata shi nake so in gaya miki, don na san ba ita kaɗai ke riƙe da irin wannan kwalbar ba.

Da farko dai, kada ki tsayar da maganin tazararki saboda wani safilimen, wato irin waɗannan kafson gyaran jiki da ake sayarwa. In har dole sai an ajiye ɗaya cikin biyun, toh kwalbar gyaran fata ce za ta koma cikin durowa. Ita ƙwayar tazara da kullum kullum take aiki, kika tsallake biyu a jere kariyar ta fara rauni, sai kin jera kwana 7 kina sha kafin ta koma daidai, a cikin kwanakin nan kuwa sai dai kororon roba ko ku haƙura. Shi ɗigon jini kuma shi kaɗai ba hujja bace cewa magani ya daina aiki, mata da yawa suna ganin sa a wata ukun farko da fara shan ƙwayar, wasu kuma saboda yau sun sha da asuba gobe sai sha ɗayan dare jibi a manta gaba ɗaya.

Shi wannan sinadarin, wanda za ki ga an rubuta Resveratrol a jikin kwalba, tsirrai ne suke yin sa don kare kansu daga cuta. Yana cikin ɓawon jan inabi, yana cikin gyaɗarmu ma, musamman dafaffiya. Amma kada hoton inabin nan ya ruɗe ki, mafi yawan wanda ake zubawa a kafso daga saiwar wani tsiro ake tatso shi wanda asalinsa ƙasashen Japan da Sin ne, sunan sa a bayan kwalba Polygonum cuspidatum. Kuma akwai nisa sosai tsakanin abinci da kafso. Kofi guda na dafaffiyar gyaɗa abin da ke ciki bai wuce kamar miligiram 1 ba, shi kuwa kafso ɗaya sai ki ga 250 ko 500, wani har 1000. Saboda haka ci gyaɗarki da inabinki hankali kwance, ba su muke magana ba. Haka wanda ake sakawa a man shafawa na fuska, shi ma ba shi bane damuwar. Wanda ake haɗiya ne.

Toh ina ruwan sa da maganin tazara? Ta hanta suka haɗu. Ƙwayoyin da aka fi bayarwa a asibitocinmu irin su Microgynon da Combination 3 homon biyu ne a ciki, wato sinadaran da ke juya al'ada da ɗaukar ciki, akwai istirojin akwai firojestin, kuma duk abin da kika haɗiya sai ya bi ta hanji da hanta, a can akwai wasu sinadarai da aikinsu shine su narkar da magani jiki ya fitar da shi, babban cikinsu ana ce masa CYP3A4. Ki ɗauke shi kamar injin markaɗe. Akwai magungunan da suke ƙara wa injin nan gudu, sai ya markaɗe homon ɗin tun bai gama aikinsa ba, nan ne mace take shan ƙwayarta bata fashi kuma ciki ya shiga. Akwai kuma masu rage masa gudu, sai homon ya daɗe yana zagaye a jini fiye da yadda aka auna.

Resberatirol a rukuni na biyu yake. A shekarar 2010 masu bincike a jami'ar Arizona ta Amurka sun ba mutum 42 masu lafiya giram 1 kullum har sati huɗu, suka ga ya rage aikin CYP3A4 da wasu 'yan uwansa biyu, CYP2C9 da CYP2D6. Kenan in zai taɓa ƙwayar tazara ta wannan hanyar, abin da ake sa ran gani shine homon ya ɗan ƙaru a jini, ba wai ya ragu ba. Kuma baya cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu rage ƙarfin hanyoyin tazara. Wannan kam ya isa ya sa ki sauke numfashi. Amma ƙaruwar istirojin ma ba abin so bace, ita ke kawo tashin zuciya da ciwon kai da nono ya riƙa nauyi yana ciwo, kuma ita ce ke da alaƙa da gudajin jini, zan zo kan wannan.

Akwai kuma wata fuskar. Ƙirar resberatirol tana kama da ta istirojin, tun 1997 aka nuna a ɗakin gwaji cewa yana iya zama a gurbin da istirojin yake zama a cikin ƙwayoyin halitta, wani lokaci yayi aiki irin nasa wani lokaci kuma ya tare masa wuri. Shi yasa likitoci suke cewa mai cutar da homon ke rura wa wuta, kamar dajin nono ko na mahaifa, kada ta sha sai da sanin likitanta. A Brazil an taɓa haɗa su da gangan ma, aka ba matan da ke fama da ciwon mara mai tsanani irin wanda fatar cikin mahaifa ke tsirowa a waje ƙwayar tazara tare da resberatirol ɗan kaɗan, a 2012 wani ƙaramin gwaji na mata 12 da miligiram 30 ya nuna kamar ciwon ya ragu, sai a 2017 aka sake da mata 44 da miligiram 40, rabi aka basu na gaske rabi kafso mara komai, ba a ga wani bambanci ba. Ki lura da adadin, 30 da 40, ba 1000 ba. Kuma ciwo suke aunawa, ba ƙarfin tazarar ba.

Yanzu ɗauko kwalbarki ki juya bayanta. Abu uku za ki nema.

Ki fara da adadi. Ki duba miligiram nawa ne a kafso ɗaya sannan guda nawa aka ce a sha a rana, don masu sayarwa suna son rubuta babban lamba a gaba alhali ta kafso biyu ce ko uku. Hukumar da ke kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2016 abin da ta amince da shi ga babba shine miligiram 150 a rana, kuma a can sai an rubuta a jiki cewa mai shan wasu magunguna ya nemi shawarar likita. Ni da wannan nake auna kowace kwalba. In taki tana kusa da 150 kuma lafiyarki ƙalau, abin da sauƙi. In ta kai giram 1 a rana, toh kin shiga adadin da aka ga yana taɓa aikin hanta, ni dai ba zan ba ƙanwata shawarar haɗa wannan da ƙwayar tazara ba.

Sai tsabtar sa. Za ki ga wani an rubuta kashi 98 ko 99, wani kuma kashi 50. Mai kashi 50 ɗin nan rabinsa sauran abubuwan saiwar ne, a ciki akwai wani sinadari emodin wanda yake sa gudawa. Kuma ko tsantsar resberatirol ɗin ne in yayi yawa yana ɓata ciki, a gwajin da aka yi da giram 2.5 da giram 5 a rana mutane sun yi ta fama da tashin zuciya da kumburin ciki da zawo. Wallahi nan ne ainihin inda safilimen zai iya jawo miki cikin da baki shirya ba, ba ta wata hanya mai wuyar ganewa ba, ta bayan gida kawai. Ƙwayar da bata zauna a ciki ba ai bata shiga jini ba. In kika yi amai cikin awa 2 zuwa 3 da shan ƙwayar, ki sake shan wata. In zawo mai ƙarfi ya wuce kwana ɗaya ki cigaba da sha amma ki lissafa ranakun kamar kin tsallake, in ya kai kwana biyu ku yi amfani da kororon roba har sai kin jera kwana 7 cikinki lafiya. Mai shan ƙwayar masu shayarwa irin su Microlut ita tata ta fi tsauri, jinkirin awa 3 kawai ya isa a ce ta makara, sai ta kiyaye na kwana 2. Shayin rage tumbi da ake haɗa wa mata da kayan gyaran fata shi ma haka, yawancinsa ganyen sa zawo ne irin filasko, ki sa shi a wannan lissafin.

Na uku, kuma wanda aka fi tsallakewa, me aka cakuɗa a ciki. Da wuya ki samu kwalbar gyaran jiki da abu ɗaya tak. In kika ga piperine ko BioPerine, wannan daga masoro ake ciro shi, ana saka shi ne don ya hana hanji da hanta saurin narkar da resberatirol ɗin, tunda shi in aka sha kaɗan ne ƙwarai yake isa jini yadda yake, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Toh abin da ya rage wa injin gudu don abu ɗaya ai zai iya rage masa don sauran magungunan da kike sha. In kika ga gawayi, wanda suke rubutawa activated charcoal, shi kama magani yake a cikin hanji, kada ki sha shi kusa da lokacin ƙwayarki. Amma wanda in kin gan shi za ki ajiye kwalbar nan take shine St John's wort, wani lokaci a rubuta Hypericum, ganye ne da ake sakawa a kayan kwantar da hankali da na barci, shi kam tabbas yana ƙara wa injin nan gudu yana rage ƙarfin ƙwaya da ashanar tazara da ake sakawa a dantse. Kwalbar da babu jerin abin da ke ciki, ko aka juye miki a farar roba aka manna sitika, wannan babu abin dubawa ma, kada ki sha. Lambar NAFDAC tana da amfani ki neme ta, amma ki sani ba shaida bace cewa abin yana gyara fata ko hana tsufa. A Amurka ma inda ake yin da yawa daga cikinsu, dokar 1994 bata tilasta wa kamfani ya nuna safilimen yana aiki kafin ya kai shi kasuwa ba.

Wace hanyar tazara kike kai? Amsar tana canzawa da wannan. Mai robar mahaifa ta jan ƙarfe babu homon a jikinta sam, babu abin da zai haɗu da wani. Mai allura, ko Depo-Provera ko Sayana Press ta wata uku, ko Noristerat ta wata biyu, amai da zawo basa taɓa ta, kuma babu istirojin a ciki. Mai ashana a dantse, Implanon ta shekara 3 ko Jadelle ta shekara 5, ita ma zawo ba ruwansa da ita, abin da take tsoro shine masu ƙara wa hanta gudu. Mai haɗiyar ƙwaya kullum ita ce duk maganar nan ta fi shafa.

Bari in tsaya a kan masu ƙara wa hanta gudun nan, don abin yana damuna, mata suna ta tambaya a kan inabi da kafson fata amma ba a gaya musu waɗanda suke da tabbacin haɗari ba. Rifamfisin na cikin maganin tarin fuka, wanda yake mai da fitsari ja, shine kan gaba. Sai magungunan farfaɗiya, kabamazefin da aka fi sani da Tegretol, da fenitoyin, da fenobabital. Sai efabirenz cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, a wani bincike a Uganda da aka fitar a 2016 mata 3 cikin 20 masu ashana a hannu da suke shan sa sun ɗauki ciki kafin shekara ta zagayo. Dolutegirabir da ake ba mafi yawan mutane yanzu baya yin haka. In an ɗora ki a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ki faɗa a sashen tsarin iyali a ranar, yawanci allura ko roba za a mayar da ke, kuma ko bayan kin gama maganin sai an ƙara kwana 28 ana kiyayewa kafin hanta ta koma yadda take. Su kuwa irin su amoksisilin da Flagyl da ake ta tsoratar da mata da su, basa rage ƙarfin ƙwaya sai dai in sun sa ki amai ko zawo.

Maganar jini kuma ta fuska biyu ce. Ƙwaya mai istirojin tana ɗan ƙara haɗarin jini ya daskare a jijiya. Lissafin hukumar magunguna ta Turai shine cikin mata 10,000 a shekara guda, kamar 2 ne ke samun wannan in basa shan komai, 5 zuwa 7 in suna shan irin su Microgynon, 9 zuwa 12 in irin su Yasmin ne. Ba yawa bane, ciki da jego sun fi shi haɗari ma, amma shi yasa bama son wani abu ya zo ya ƙara istirojin a kai. Shi resberatirol kuma yana rage wa jini saurin kamawa, toh kada wata ta ce miki ai shikenan zai kare ki, ba haka ake lissafin ba. Abin da hakan ke nufi shine in kina shan wafarin, maganin tsinka jini, ko asfirin, ko kina yawan shan ibufurofen da diklofenak saboda ciwon mara, zubar jini na iya ƙaruwa, kuma in za a yi miki aiki ki ajiye shi sati biyu kafin ranar ki kuma gaya wa likita. Ko kina shan safilimen ko bakya sha, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi a sha raɓa, ko ƙirji ya riƙe numfashi yana yi miki wuya, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda baki saba ba, ko gani ya dushe, ko gefe ɗaya na jiki ya saki, asibiti za ki tafi a lokacin, ba kemis ba, ba kuma sai gari ya waye ba.

Akwai waɗanda ni a ganina su haƙura da shi kwata kwata. Mai hawan jini ko ciwon ɓarin kai da take kan ƙwaya mai istirojin, ita tun farko ma ya kamata a sake duba ko ƙwayar ta dace da ita. Mai shayarwa. Mai ciki, don a 2014 an gwada shi a birai masu ciki a jihar Oregon aka ga saifar sukari ta 'ya'yan, wato gaɓar da ke yin insulin, ta girma fiye da ƙima, masu binciken da kansu suka ce mata masu ciki su guje shi. Da kuma wadda ta ajiye tazara tana neman haihuwa, a Japan a 2019 an duba matan da ake yi wa dashen ɗan tayi, waɗanda suke shan miligiram 200 a rana cikin ya fi ƙin kamawa kuma ɓari ya fi yawa a cikinsu. Wannan kuma ba yana nufin maganin hana ɗaukar ciki bane, kada wata ta dogara da shi.

In duk kin wuce waɗannan kuma har yanzu kina son sha, toh ki ɗauki kwalbar da katin ƙwayarki ki kai wa nas ɗin tsarin iyali ko mai famasi na gaske, kada ki ce mata kawai ina shan maganin gyaran jiki, miƙa mata ta karanta da idonta. A auna jininki kafin ki fara. Ki tsaya a ƙaramin adadi, ki sha da abinci, kada ki fara shi a watan da kika fara sabuwar ƙwaya don in wani abu ya taso ba za a gane wanne ya jawo ba, kuma kada ki fara kwalba uku rana ɗaya. Raba lokacin shan su, ƙwaya da dare kafso da safe, yana taimakawa in cikinki mai saurin tashi ne, amma baya hana abin da ke faruwa a hanta. Ki riƙa rubutawa a waya ranar da kika fara da duk abin da kika gani, ɗigon jini, ciwon kai, ciwon nono, zawo. Al'ada ta ƙi zuwa bayan watan da kika yi amai ko kika tsallake ƙwaya, ki yi gwajin ciki, tsinken gwaji ba tsada.

Amma gaskiya in kin tambaye ni ko ya cancanci kuɗin, zan ce a'a. Wani masanin Japan Michio Takaoka ne ya fara ware sinadarin a 1939, ya zauna shiru shekara da shekaru, sai a farkon shekarun 1990 aka fara cewa wai shine sirrin da yasa mutanen Faransa basa yawan ciwon zuciya saboda jan giyar inabi da suke sha. A 2003 David Sinclair na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka nuna yana tsawaita rayuwar ƙwayar yis, irin wanda ke sa ƙulli ya tashi, daga baya aka gwada a ɓeraye, duniya ta ɗauka, har kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris a 2008 a kan dala miliyan 720, amma a 2010 suka dakatar da gwajin maganin resberatirol ɗin nasu bayan wasu masu cutar daji da ake gwada shi a kansu sun samu matsalar ƙoda. A 2014 kuma aka fitar da sakamakon bin tsofaffi 783 a yankin Kiyanti na Italiya har shekara 9, waɗanda suka fi samun sa a abinci basu fi sauran tsawon rai ba, basu fi su tsira daga ciwon zuciya ko daji ba.

Kwalbar ƙanwar maigidana miligiram 600 ce a kafso, an ce a sha biyu a rana, 1200 kenan, kashi 50, ga piperine a layin ƙasa da ƙananan rubutu, ga ta tana shayarwa. Da na matsa da tambaya sai tace ai tun satin farko cikinta yake ɓaci tana zagawa sau uku sau huɗu, mai sayarwar tace mata dattin ciki ne yake fita ta cigaba, kuma ranar bikin ƙawarta bata sha ƙwayar ba sai washegari. Da safe na raka ta sashen tsarin iyali, aka auna jininta lafiya, aka yi gwajin ciki babu, nas ɗin tace ta ajiye kafson, su kiyaye na kwana 7, ta sake gwaji bayan sati uku don a tabbatar. Kafin mu fito ta tambayi yadda ake saka ashana, an bata ranar Talata ta dawo.